KEKEN GURAGU MAI LANTARKI: KADA A YI CINIKIN BIRI A SAMA

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan keken guragu mai tafiya da batir ce, watau wanda mutum ke zama a kai ya taɓa ɗan sandan tuƙi da yatsa keken ya tafi da shi, ba mai turawa, ba murɗa hannu. Yanzu ana ganinsa a kantunan kayan asibiti, ana tallarsa a waya, har 'yan'uwa sun soma haɗa kuɗi, wasu suna zubin adashi domin su saya wa uba ko uwa ko ƙane. Wannan niyya ce mai kyau, ba kuwa za mu kushe ta ba. Amma kuɗin talaka da gumi ake samunsu, kuma keken nan ba abin da za a saya bana a sake baɗi ba ne. Saboda haka ra'ayinmu shi ne kada kowa ya fid da ko kwabo sai ya auna abu huɗu: jikin mai hawa, da hanyar da zai bi, da wutar da zai samu, da wanda zai gyara masa. Sa'an nan kuma mai hawan shi ne zai zaɓa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu soma da dalilin da ya sa maganar ta shafe mu duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin ɗari yana bukatar keken guragu, watau wajen mutum miliyan 80 a duniya, kuma waɗanda suka samu ba su wuce kashi 5 zuwa 35 cikin ɗari ba, gwargwadon ƙasar da suke. To, ku yi lissafi da kanku. Garin da yake da mutum 100,000 yana da wajen mutum 1,000 ke nan. Akwai waɗanda shan inna ta taɓa tun suna yara. Gaskiya ne rabon Nijeriya da ƙwayar shan inna ta asali tun 2016 a Borno, har a watan Agusta na 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu, magidanta ne da matan aure. Akwai waɗanda hatsarin mota ko na babur ya taɓa musu laka, da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙafa, da tsofaffin da gwiwa ta ƙi. Wane ne a cikinmu zai buga ƙirji ya ce ba zai shiga wannan sahu ba?

Abin da waɗannan bayin Allah suke nema a bayyane yake. Mutum ya tashi ya tafi rumfarsa a lokacin da ya so, ya je gaisuwa, ya je suna, ya shiga banɗaki, ba tare da ya jira yaro ya taso daga makaranta ya tura shi ba. Duk ɗan kasuwa ya san cewa wanda bai buɗe rumfa da wuri ba cinikin safe ya wuce shi. Mai jiran a tura shi kullum cikin asara yake, yaron da ake hana wa makaranta don turawa shi ma cikin asara yake. Keke mai kyau yana 'yanta mutum biyu ke nan a lokaci guda.

WA AKA YI WA KEKEN?

Ya kamata mu san asalin abin. A farkon shekarun 1950 wani injiniya a ƙasar Kanada, George Klein, tare da abokan aikinsa, suka ƙera keken lantarki domin sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunin laka, waɗanda hannuwansu ma ba su da ƙarfin tura taya. Ba su ƙera shi a ɓoye ba, sai da suka riƙa bai wa sojojin suna gwadawa suna faɗin inda ya gaza. A 1956 wani kamfani na Amurka, Everest & Jennings, ya soma yin irinsa da yawa don sayarwa.

Darasi biyu ne a nan. Na fari, an yi keken ne musamman domin wanda hannunsa ba zai iya ba, ko wanda numfashinsa da zuciyarsa ba za su jure turawa ba. Na biyu, an yi shi ne a ƙasar da daɓe yake sumul, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Mu kuwa ga rairayi, ga kwata, ga caɓin damina, ga ɗauke wuta.

Don haka tambayar farko ita ce: lalle mai lantarkin ake bukata? Saurayin da shan inna ta taɓa wa ƙafafu amma kafaɗunsa suna da ƙarfi, sau da yawa keken hannu mai ƙafa uku ya fi masa amfani a kan doguwar hanya. A Kano akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa da ta daɗe tana ƙera irin wannan keke da hannunta. Tayarsa ta keke ce, sarƙarsa ta keke ce, kowane mai gyaran keke da kowane mai walda ya san shi, ga kuma wurin ɗora kaya. Amma tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, hannu ɗaya kaɗai ke aiki, ko mai raunin laka daga wuya, ko wanda kafaɗunsa suka gaji bayan shekara 30 yana murɗawa, waɗannan mai lantarki ne zai fitar da su daga ɗaki. Kada a ji kunyar zaɓar na hannu in shi ya dace, kada kuma a hana mai bukata na lantarki don wai almubazzaranci ne.

AWON JIKI

Ba wanda yake kai wa tela yadi ya ce a ɗinka riga ba tare da awo ba. Keke ma haka ne, har ya fi, gama mutum zai yini a cikinsa. Faɗin wurin zama ya zama daidai ƙugu, yadda tafin hannu zai shiga ta kowane gefe. In ya yi faɗi da yawa mutum zai riƙa karkacewa har bayansa ya lanƙwashe, in ya matse zai goge masa fata. Tsawonsa kuma ya bar wurin yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. Matakin ƙafa ya tare ƙafar sosai, kada ta riƙa lilo. Sandan tuƙi ya kasance a gefen hannun da yake da ƙarfi, a kuma tambaya tun kafin saye ko ana iya mai da shi ɗaya gefen. Kowane keke yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, a rubuce take, a duba.

Babban abin da ake mantawa shi ne katifar zama. Wanda ba ya jin taɓi daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai san fatarsa tana mutuwa ba sai gyambo ya buɗe, kuma gyambon zama yana kai mutum kabari. Ɗan soson da ke zuwa da keke mai araha ba ya hana wannan. Ana bukatar katifar da aka yi domin rarraba nauyi, da ɗaga jiki ko karkata shi a kai a kai, da duba fata kowace rana. A kan wannan kada a tsaya ga maganar mai kanti, a je wurin ma'aikatan gashin ƙashi a asibiti, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko babban asibitin da ya fi kusa, su auna mutum su ba da shawara. A kuma tabbata mai hawan yana gani sosai, hankalinsa yana tare da shi, domin abin da ke tafiya wajen kilomita 6 a awa cikin cunkoson kasuwa yana iya buge yaro ko ya jefa mai shi a lambatu.

AWON HANYA

Kafin a je kanti, a ɗauki tef ɗin tela a bi hanyar da mutum zai riƙa bi, daga gadonsa har rumfarsa. Yawancin waɗannan kekuna faɗinsu inci 24 zuwa 27 ne, ƙofa kuwa tana son ta kai inci 32, watau yadi ɗaya ba kaɗan. A auna ƙofar ɗaki, da ta zaure, da ta banɗaki. A dubi dokin ƙofa. Ƙa'idar magina ita ce kowane inci ɗaya na tudu yana son gangara mai tsawon inci 12. Dokin ƙofa mai inci 6 yana bukatar gangara mai ƙafa 6 ke nan. In aka gajarta ta, keken zai iya kifewa da mutum ta baya. Kuɗin buhun siminti da ladan magini su shiga lissafi tun farko.

Sa'an nan a dubi tayoyi. Ƙananan tayoyin gaba, irin na gadon asibiti, suna nutsewa cikin rairayi kamar ƙafar kaza a taɓo. Mai bin lungun da ba kwalta ya nemi keke mai manyan tayoyin baya masu faɗi da gurzau, da na gaba masu kauri. Akwai irin da manyan tayoyinsa suke a tsakiya. Wannan yana juyawa a wuri ƙanƙani cikin ɗaki, amma a hanya mai ramuka yakan maƙale. Tayar da ba ta shan iska ba ta jin ƙaya da ƙusa, sai dai tana da jijjiga. Mai shan iska ta fi taushi, amma sai an san akwai mai faci kusa.

A tuna da nauyi kuma. Masu naɗewa sukan yi kilo 25 zuwa 30, mutum biyu za su sa su a adaidaita sahu. Manyan kuwa sukan wuce kilo 100, watau fiye da buhun siminti biyu, ba su naɗewa, ba kuwa mai ɗaga su ya tsallake kwata. Wanda zai riƙa shiga mota ya san wanne zai ɗauka. Kuma duk keken lantarki ba ya shiri da ruwa. In hadari ya haɗo a rufe sandan tuƙi da leda a nemi mafaka, kada a ratsa kududdufi.

AWON WUTA

Nan ne aka fi yin kuka. Yawancin kekunan suna aiki da batir biyu masu bolt 12, a haɗe su ba da bolt 24. Wutar da suke ci ba ta da yawa. Batir mai lamba 35 a jiki, in an ninka da 24, ya ba da 840, yunit ɗaya na mita kuwa 1,000 ne. Watau cika shi bai fi yunit ɗaya da ɗan kai ba. Wahalar tana wajen lokaci, domin batirin dalma yakan ɗauki wajen awa 8 kafin ya cika. A tsarin da hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta raba unguwanni, rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ku da kanku kun san rukunin da unguwannin talakawa suka fi faɗawa, kun kuma san ko alkawarin yana cika. Mai awa 4 yaya zai cika batirin awa 8? Tilas ya tanadi sola, ko ya shirya da maƙwabci mai sola ko mai janareta, tun kafin keken ya shigo gida.

Batir iri biyu ne. Na dalma ya fi araha, ya fi nauyi, kuma in ana barinsa ya ƙare ƙaf ko ya kwana kwanaki ba caji, da wuri yake mutuwa. Zafi ma yana cinsa: masana sun ce kowane ƙarin digiri 10 bisa 25 yana rage wajen rabin kwanansa, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana kai 40. A ajiye keke a inuwa. Na litiyam ba shi da nauyi, ya fi daɗewa, ya fi saurin cika, amma ya fi tsada, kuma in aka sa masa cajar da ba tasa ba yana iya kama wuta. Kada a yi cajinsa a bakin ƙofar ɗakin da mai keken yake kwana, gama in wuta ta tashi ba shi da ta inda zai fita. Kada kuma kowa ya ruɗe ku da batirin mota. Shi an yi shi ne ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya ta da inji, ba ya jure jan yini. In za a sake batir a sake biyun tare.

Nisan da aka rubuta a kwali, kilomita 15 ko 20 ko fiye, an auna shi ne a shimfiɗaɗɗen daɓe da sabon batir. Shawararmu ita ce mai bin rairayi ya ɗauka rabin wannan zai samu, ya tsara tafiyarsa a kan haka. A kuma tabbata keken yana da ɗan maɗaurin da ake ja a saki inji, yadda in batir ya ƙare a hanya za a iya tura shi da hannu.

AWON GYARA

Ku 'yan kasuwa kun fi mu sanin cewa araha ba ta ado. Kafin a biya, a tambayi mai kanti: ina ake samun batirinsa, da tayarsa, da caja, da sandan tuƙi? Wa yake gyara shi a garin nan? Garanti na wata nawa ne, kuma a rubuce yake a rasit? In ya soma kame-kame, a fita. Inji da birki mai gyaran babur mai basira zai iya dubawa, amma akwatin da ke sarrafa tuƙi in ya ƙone ba a walda shi, sai an sake, kuma na wannan kamfani ba lalle ya shiga na wancan ba.

Masu sayen na hannu, wanda aka shigo da shi daga Turai ko Amurka, su ƙara lura. Su ɗauka batirinsa ya riga ya mutu, su sa kuɗin sabo a cikin tayi. Su dubi caja, domin wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, cajar da aka yi wa can kaɗai in aka soka ta a nan ƙonewa za ta yi. Kuma ko sabo ko tsoho, sai mai hawa ya hau ya gwada a ƙasa irin ta unguwarsu. Sayen keke daga hoton waya cinikin biri a sama ne. A ƙarshe kada a sayar da tsohon keken hannu, domin ranar da na lantarki ya tafi gyara shi ne ƙafa.

INA HAKKIN HUKUMA?

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani na mene ne, alhali keken ya fi ƙarfin talaka? Maganarsa tana kan hanya. A 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000, sabon keken lantarki kuwa yana cin albashin watanni masu yawa, ban da batirin da za a riƙa sakewa. Amma tsadar ita ce ta sa muka ce a auna. Mai kuɗi in ya yi kuskure zai sayi wani, talaka in ya yi kuskure keken ya zama wurin shanya. Ita ce kuma ta sa muke cewa nauyin bai kamata ya tsaya a kan iyali kaɗai ba.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hakkin naƙasassu a 2010, Nijar ma tun 2008, kuma sashe na 20 ya ɗora wa gwamnatoci su sauƙaƙa samun kayan tafiya masu inganci a farashin da za a iya. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairu na 2024. Ta hana ma'aikaci amincewa da zanen ginin jama'a da ba shi da hanyar naƙasassu, ta sa tara da ɗauri a kan wanda ya yi. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na aikin gwamnati dominsu. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. To, kowa ya zaga kasuwarsu da asibitinsu da sakatariyar ƙaramar hukumarsu ya ƙirga ƙofa nawa mai keke zai shiga ba tare da an ciccibe shi ba. Kyan alkawari cikawa.

Akwai kuma al'adar rabon kekuna a gaban masu ɗaukar hoto, a jera su iri ɗaya, awo ɗaya, a bai wa yaro da ƙato da tsohuwa. Ba mu ƙi kyauta ba, Allah ya saka wa mai bayarwa. Amma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ce bayar da keke mataki huɗu ne: a zaɓa tare da mai shi, a daidaita masa, a koya masa, a riƙa bibiya. Wanda ya miƙa keke ya juya baya ya yi rubu'in aiki ne, kuma keken da bai dace ba yana iya barin mutum da gyambo.

Ga abin da muke nema. Kada a ɗora kuɗin fito a kan keken guragu da batirinsa da kayan gyaransa. Kowane babban asibiti ya sami wurin auna mutane da daidaita musu keke. Makarantun koyon sana'a su koya wa samari gyaransa, a fara da naƙasassun da suka riga suka iya ƙera na hannu. Duk kasuwar da za a gina ko a sabunta a yi mata gangara da layuka masu faɗi, a rufe kwatoci.

Mu ma akwai namu, ba sai mun jira kowa ba. Shugabannin 'yan kasuwa su ware wa masu keke rumfunan bakin ƙofa. Mai kanti ya daina baza kaya a kan hanyar wucewa. Mai sola ya bar wa maƙwabcinsa soket ɗaya, yunit ɗaya ba zai talauta shi ba. Ƙungiyoyin da ke da asusun taimakon juna su sa sayen batir a cikin abin da ake taimakawa, gama batir ne ke kwantar da yawancin kekunan nan. In kuma iyali sun zauna shawarar saye, a sa mai hawan a tsakiyar tabarma a fara jin ta bakinsa, mace ce ko namiji, yaro ne ko tsoho, domin shi zai zauna a kai shekara da shekaru.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ku kai maganar nan rumfa rumfa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa, amin.